Wasiƙa ga Iyaye: Ƙwayoyin Hana Barci a Ajin Ƙarshe

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

An samu ƙwayoyi a jakunkunan wasu 'yan JHS 3, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Sun ce a unguwa aka sayar musu, wai maganin hana barci ne don karatun BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Iyayensu sun zo mun zauna, ƙwayoyin kuma mun miƙa su ga NACOC, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a nan Kumasi. Kada wani ya ce ai ba ɗana ba ne.

Malaminmu na kimiyya, Allah ya saka masa da alheri, ya sadaukar da Asabar ɗinsa ya yi wa 'yan ajin bayani, kuma ina so ku ma ku ji. Ƙwayoyi masu zaburarwa, irin su amfetamin da hodar iblis, suna cika ƙwaƙwalwa da dofamin, wani sinadari da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Amfetamin na tilasta wa jijiyoyi su zubo shi, hodar iblis kuwa tana hana su kwashe wanda ya zubo. A 1967 masana biyu, Randrup da Munkvad na ƙasar Danmak, suka bayyana abin da amfetamin ke yi wa dabbobi. Ɓera idan ya samu kaɗan sai ya yi ta zirga-zirga. Idan aka ƙara masa, sai ya kafe wuri guda yana sansana, yana lasa, yana gwaguyar ƙarfen keji, ko abinci ba ya kulawa. Biri kuma ya yi ta tsinkar jikinsa. Da an ba dabbar maganin da ke toshe hanyar dofamin sai ta daina. Abin da ya fi tayar min da hankali: in ana maimaita ba ta ƙwayar, halin na ƙara tsananta. An ga irinsa a mutane ma, mutum ya kwana yana warware rediyo yana sake haɗawa.

To, wannan ne za mu kira karatu? Don Allah ku duba jakar yaranku. Wanda ya kwana ido biyu, ya daina cin abinci, yana cizon haƙora ko sosa wuri guda, ku kawo mana shi, ba duka ba. Wasunku, in gaya muku gaskiya, ba mu gan ku ba tun buɗe makaranta.

Taron iyaye da malamai yana nan Lahadi bayan La'asar. Masu bashin kuɗin jarrabawar gwaji sun san kansu. Silifa ba takalmin makaranta ba ne.

Wassalam,
Shugaban Makaranta