Rahoton Shekara ga 'Yan Ƙungiya: Lotsawar da Hannu Ba Ya Kaiwa Bayanta

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu gareji da 'yan uwa fanal bita na Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, hanyar Dutsin-Ma da sauran sassan Katsina, ga abin da ƙungiya ta yi a bana.

Taron wata bai yanke ba sai a azumi. An je ta'aziyya, an je suna, an tallafa wa waɗanda jinya ta kwantar. Kuɗin wata kam har yanzu sai an bi mutum gareji. Ma'aji zai karanta lissafi ranar taro.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne bita kan lotsawar da ba a samun hanyar bayanta: fandar baya, ƙasan ƙofa, ginshiƙin rufi, da bonet mai ƙarfe biyu. Ƙorafin da ake kawo wa kwamitin sulhu ne ya sa muka ɗauko ta. Mai mota ya biya, damina ɗaya ta wuce, fenti ya kumbura. In aka kankare sai a tarar an huda ƙarfen an ja da kusa, an cike da fila, wato ƙullin da ake shafawa a daidaita jikin mota kafin fenti. Ta hujin nan ruwa ke bi, fila ta sha, tsatsa ta ci daga ciki.

Dattawanmu da suka koyi aiki a kan Fijo 504 sun saba da guduma da ƙarfen tokara. Amma fatar Corolla ko Camry ta yanzu ba ta kai milimita 1 ba, in ka matsa mata da duka ko wutar kabaid sai ta miƙe, ta riƙa ɓalƙam-ɓalƙam. Shi ya sa aka nuna cewa kafin komai a nemi hanyar kaiwa bayan lotsawar: a cire fitilar baya, a sauke gilas, a ɓalle robar toshi, a zura sanda mai lanƙwasa a riƙa turawa sannu a hankali, ana duban hasken fitila a jikin fenti.

In babu hanyar, a ja ta waje. Idan fentin kamfani ne bai fashe ba, gam mai zafi ya isa: a manna 'yar roba, a ja, a kwantar da tudun da ya taso a gefe, a cire gam da sifirit. Sai dai a zafin Afrilu gam ba ya kamawa a rana, a shiga inuwa ko a yi da sassafe. Motar da aka taɓa yi wa feshi kuwa, gam na iya tahowa da fentin, a faɗa wa mai ita tun farko.

Inda ƙarfe ya karye, sai walda: a jera wasa, wato ƙananan zobban ƙarfe, a liƙa su da walda a kan layin karyewar, a ja da guduma mai zamiya daga gefe zuwa tsakiya. A nan muka fi jan kunne. A cire kan batir. A tuna akwai wayoyi da soso a cikin ginshiƙi, wasu motocin har da jakar iska a gefen rufi, bututun mai kuma yana bayan fandar baya. Walda tana ƙone fentin ciki, don haka a fesa maganin tsatsa ta ramin toshi. Bonet ɗin da maganaɗisu bai kama ba alminiyam ne, wasar ƙarfe ba ta zama a kansa.

An yi karo-karo an sayo injin walda na jan lotsawa daga Kano, ana aronsa bi da bi. Matsalarsa wuta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, tada janareta don lotsawa ɗaya sai an yi lissafi, wasu har sun koma huji. Kwamiti ya yanke: aikin da aka huda ya dawo da tsatsa, wanda ya yi shi zai sake a aljihunsa.

Baɗi, in Allah ya kai mu, bitar ta yara masu koyo ce. Kowane maigida ya kawo sunan yaransa wurin sakatare, ya zo da tsohuwar ƙofa ko fanda da za a gwada hannu a kai.