Agajin da ya tsaya a bakin kwalta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, shirinku na daren jiya ya tsaya mini a rai. Jami'in nan da kuka gayyato ya gyara zama ya ce wai agaji ya isa ga duk wanda ambaliya ta shafa, ya yi ta lissafo tireloli da buhuna da katifu, mai gabatarwa kuma ya yi masa sannu da ƙoƙari ya wuce. Ya isa ina? Wa ya karɓa? Ko ɗaya bai tambaya ba. Ba don rediyon na cikin 'yan abubuwan da ruwa ya bar mini ba, da na yi jifa da ita.

Ni malamin firamare ne a ƙauye, kuma ajin da nake koyarwa ya zama ɗakin kwanan waɗanda gidajensu suka rufta. Saboda haka ba ji na yi ba, gani na yi. Agaji ya zo, ban musa ba. Ya zo har inda kwalta ta ƙare, ya ja birki. Aka sauke kaya a wani fili da ke bakin titi, aka jera su tsibi-tsibi, manya suka dafa buhu aka ɗauki hoto. Mu da ruwa ya cinye mana gada, a bakin mai kwalekwale muka ji labari, lokacin har an share filin. Waɗanda suka samu, Allah ya amfana musu, su ma mabuƙata ne. Amma ai duk wanda ya iya takawa da ƙafarsa har bakin titi ya shiga layi, shi ne mai dama-dama a cikinmu. Tsohuwar da sai an ɗaga ta, da mai jego, da dattijon da maganin hawan jininsa ya bi ruwa, suna nan kwance a kan bencin 'yan makaranta, kuma a lissafin baƙonku duk sun karɓa.

Samarinmu da suka yi ƙarfin hali suka haye daga baya, cewa aka yi su nuna katin shaida, sannan a duba ko sunansu na cikin takarda. Don Allah Malam Edita, ruwa ya shigo wa mutum da tsakar dare ya kai ƙirji, yaro zai saɓa ko kati zai tsaya lalube? Ita kuma takardar a gari aka rubuta ta, wanda ya rubuta bai taɓa taka ƙauyen ba. Haka suka dawo hannu rabbana, ga kuɗin fito sun biya zuwa da dawowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar katifa, da jami'in ya yi ta nanatawa kamar ita ce ta tsaya mana a wuya. A ina za mu shimfiɗa ta? Ruwan sha muke nema. Ambaliya ta haɗe masai da rijiya, ruwan da ke cikin rijiyar yanzu ko dabba sai ta sunsuna ta kau da kai. Da idona na ga wata baiwar Allah tana tace shi da gefen zaninta tana ɗura wa ɗanta, na ce ta bari, ta ce to Malam me zan ba shi? Na rasa amsa. Itacen da za a tafasa shi duk ya jiƙe. Mun san a haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro ya fara gudawa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, amma sai da ruwa mai tsabta ake haɗawa. Amai da gudawa kuwa ba ya jiran taron kwamiti, cikin sa'o'i yake kayar da babban mutum, balle jariri. Ƙwayar tsabtace ruwa da za ta ishi ƙauye guda, mutum ɗaya zai rungumo ta a kwali ya shiga kwalekwale. Laifinta ɗaya, ba ta cika hoto.

Kuma ba ni na ƙirƙiro ma'aunin ba. Ƙa'idojin Sphere da ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da su sun ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 na ruwa a rana, kada wurin ɗibar ruwa ya wuce nisan mita 500, kuma kada mutum fiye da 20 su haɗu a makewayi ɗaya. Wanda ya shirya shirin ya kamata ya san wannan ya ɗora baƙonsa a kai. Lita nawa mutum ke samu a ƙauyen da ya fi nisa da titi? Wannan ce tambayar da na yi ta jira har kuka sa kiɗan rufewa.

Jami'in ya kuma ce ruwa ya fara janyewa, saboda haka an ci ƙarfin matsalar. Haba! Janyewar ruwa ai ita ce farkon wata wahalar. A Pakistan, ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe fiye da 1,700, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu zazzaɓin cizon sauro a ƙasar sun tashi daga kimanin 500,000 a 2021 zuwa miliyan 2.6 a 2022. Mu nan tun kafin magariba sauro ke rufe mu, gidan sauro ko ɗaya bai hayo ba. Macizai ma tudun da muka gudo suka gudo. Rumbuna sun zube da irin shuka a ciki, wato yunwar baɗi ta riga ta kama hanya.

Kada a ce mini babu yadda za a yi tunda hanya ta yanke. A Bangaladash, a watan Yulin 2020, da hasashe ya nuna kogin Jamuna zai cika ya tumbatsa, Shirin Abinci na Duniya ya tura wa magidanta kuɗi ta waya tun kafin ruwan ya kai ƙololuwa, suka sayi abin buƙata, suka kwashe iyali da dabbobi zuwa tudu. Mu sai an gama asara ake zuwa ihu bayan hari, shi ma ihun daga bakin titi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ku sa wakilinku ya naɗe wando ya shiga kwalekwale ya kwana a cikinmu, ya naɗo muryar matan nan. Sannan ku sake gayyato jami'in ku kunna masa, ya ambaci sunayen ƙauyukan da aka kai wa kaya ɗaya bayan ɗaya, mu da ke nan mu ce e ko a'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ya ƙi zuwa, ku faɗa mana ya ƙi.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Layin wayarku na masu sauraro ya zama na wasu 'yan tsiraru. Kullum muryoyin nan dai, kowa sai ya gaida abokansa kaf da surukansa kafin ya shiga magana, da ya fara kuma ku ce lokaci ya ƙure ku saka talla. Jiya na hau tudu ina neman sabis, na yi ta kira har cajin wayata ya mutu, ga shi babu inda zan sa caji. Ku rage gaishe-gaishen nan, ku buɗe layi na biyu.

Na gode.

Mai sauraronku,
wani malamin makaranta daga ƙauyen da ruwa ya yanke