Kiɗan Post-Grunge Ya Sauka Daga Yayi, Amma Yana Hannun Makaɗa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida tamu in sa baki a gardamar da matasanmu masu bin kiɗan ƙasashen waje ke yi a nan Daura da Katsina, wato ko nau'in kiɗan rok ɗin nan da ake kira post-grunge zai ɗore, ko kuwa nasa ya ƙare. A ganina ya riga ya sauka daga sahun gaba a kasuwa, kuma da wuya ya sake hawa. Sai dai barin yayi daban, mutuwa daban. Wanda ya san yadda ake haɗa kiɗan nan zai gane abin da ya kayar da shi, ya kuma gane abin da ke riƙe da shi har yau.

Asalinsa daga grunge ne, kiɗan da samarin birnin Siyatil na Amurka suka fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, mai kaushin sauti da kalamai na ƙunci. A watan Satumba na 1991 ƙungiyar Nirvana ta saki faifanta Nevermind, zuwa Janairun 1992 ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, wato jerin fayafayan da suka fi kasuwa a Amurka. Da kamfanonin faifai suka ga kuɗi, sai suka baza komarsu. Bayan rasuwar jagoran Nirvana, Kurt Cobain, a Afrilun 1994, waɗanda suka cike gurbin su ne aka laƙaba wa post-grunge: Bush daga Ingila, Silverchair daga Ostireliya, Foo Fighters da mai gangar Nirvana Dave Grohl ya kafa, sai Creed da 3 Doors Down, da Nickelback ta Kanada. Mu ma a Afirka muna da Seether, wadda aka kafa a Firitoriya a 1999. Abin da suka yi shi ne suka riƙe nauyin jitar, suka wanke dattin sautin, suka fito da murya fili, kalamai kuma suka koma na soyayya da nadama da zaman ɗa da uba, yadda kowa zai fahimta.

Ga yadda ake gina waƙar. Galibi mutum huɗu ne: mawaƙi, mai jitar lantarki, mai jitar bas mai tsirkiya huɗu masu kauri, da mai ganguna. Jita tana da tsirkiya shida. Da yawansu sukan sassauta ta shida, wato mafi kauri, daga sautin E zuwa D. Da an yi haka, tsirkiyoyi uku masu kauri sun zama D, A, D, sai yatsa ɗaya kwance a kansu ya ba da cikakken sauti mai nauyi, ana jan sa sama da ƙasa a wuyan jitar. Baiti ana kaɗa shi a hankali da sauti mai tsabta. Daidai shigar amshi mai jita zai taka wata 'yar na'ura da ke gaban ƙafarsa, wadda ke yamutsa sautin ya koma ruri, mai ganguna kuma ya bar ƙananan farantai ya koma kan manya. A situdiyo ana ɗaukar jitar amshin sau biyu, a tura ɗaya lasifikar hagu, ɗaya ta dama, shi ya sa mai sauraro ke jin kamar gini ya rufto masa. Bugu huɗu-huɗu ne, tsawon waƙa minti uku da rabi zuwa huɗu. Duk daɗin yana cikin wannan tazara tsakanin sanyin baiti da rurin amshi.

To, a nan aka samu matsala, kuma abin yana ba ni takaici. A 1996 Amurka ta yi dokar sadarwa da ta ba kamfani guda damar mallakar gidajen rediyo da yawa, har kamfanin Clear Channel ya tara sama da 1,000. Jerin waƙoƙin da ake sawa ya zama kusan iri ɗaya daga wannan gari zuwa wancan, ƙungiyoyi kuma suka koma ɗinka waƙa daidai awon rediyo. Murya ɗaya mai shaƙewa, irin ta Eddie Vedder, mawaƙin ƙungiyar grunge ta Pearl Jam, kowa ya ara ya yafa. Sannan masu tace sauti suka shiga gasar wane ya fi ƙara, suna matse waƙa da na'ura har wurin da ya kamata ya yi sanyi ya kai ƙarar amshi. Da tazarar nan ta tafi, abin da ya rage shi ne hayaniyar da ke gajiyar da kunne tun kafin waƙa ta uku. Da hannunsu suka toshe rijiyar da suke sha.

Sauran aikin kasuwa ce ta ƙarasa shi. Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, ta ɓullo a 1999, cinikin faifai ya yi ta zubewa. Ƙungiyar mutum huɗu tana buƙatar ɗakin atisaye da kaya masu tsada da motar ɗaukarsu, alhali yaro ɗaya da kwamfuta zai haɗa kiɗa a ɗakin kwanansa. A 2017 alƙaluman kamfanin ƙididdiga Nielsen suka nuna hip-hop da R&B sun zarce rok a yawan saurare a Amurka. A Spotify kuwa, manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet, sai an ji waƙa na daƙiƙa 30 ake lissafa ta, don haka waƙar da ke jan ƙafa kafin ta kai amshi asara take yi.

Wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Fiyano ɗaya a situdiyon Kano ya zaunar da masu kalangu da 'yan amshi da yawa a gida. Duk da haka Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a nan Daura, har gobe muryarsa na tashi a tashar mota da teburin mai shayi, yayin da waƙoƙin nanaye da dama da suka cika gari shekara biyar baya ko sunansu ba a tunawa. Abin da hannu ya kaɗa, baki kuma zai iya amsawa, yana da dogon numfashi. Post-grunge yana da wannan. Creed ta watse a 2004, ta dawo a 2009, ta sake haɗewa a 2023, kuma a rangadinta na 2024 ta cika manyan filaye. An shigar da Foo Fighters zauren karrama makaɗan rok na Amurka a 2021, Nickelback kuma na Kanada a 2023. Wanda yake ɗan shekara 15 a 2000 yanzu ya kai arba'in, yana da kuɗin tikiti, yana kuma zuwa da 'ya'yansa. Amma a lura, tsofaffin ƙungiyoyin ne ke cika fili, sababbi masu wannan salo ba su kama saman jadawali. Hanyar gane waƙar da za ta rayu kuwa mai sauƙi ce: a cire lantarki a kaɗa ta da jitar katako. In amshinta ya tsaya da ƙafarsa, to za ta ɗore.

Ga yaranmu masu son koyo, kayan su ne ke fara karya musu gwiwa. Amfilifayar gwanjo da ta zo daga Amurka wutar bolt 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, wanda ya jona ta kai tsaye zai ji ƙauri nan take. A duba rubutun bayanta tukuna, a sa mata tiransifoma mai rage wuta. Gurnanin da ke fita daga lasifika ko ba a taɓa jita ba, yawanci rashin wayar ƙasa ne a soket, ko wutar janareta marar tsabta. Na'urar takawa kuwa a ba ta batir mai bolt 9, ya fi shiru. Hunturu yana busar da katako, wuyan jita ya lanƙwashe, tsirkiya ta riƙa karzar ƙarafunan wuya, don haka a ajiye ta cikin jakarta nesa da taga. Da damina gumi da laima ke sa tsatsa, a goge tsirkiya da busasshen tsumma bayan kowane kaɗi. In za a sassauta ta shida zuwa D, a nemi saitin tsirkiya mai lambar kauri 10 zuwa 52, domin siririya takan yi lako-lako ta ɓata sauti.

Kuma ba sai sun kwaikwayi muryar Bature ba. Mu da ke kan iyaka mun ga abin da makaɗan Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar suka yi da jitar lantarki cikin harshensu, har waƙoƙin Mdou suka fara yaɗuwa ta katin waya kafin duniya ta san shi. Sautin nan na yatsa ɗaya ƙwayoyi biyu ne kacal a cikinsa, tushe da na biyar daga gare shi a hawan sauti, saboda haka yana zama lafiya a ƙarƙashin karin gurmi ko garaya mai hawa biyar. Wanda zai haɗa shi da kalangu ya rage ruri zuwa kashi ɗaya cikin uku, ya matso da makirfo kusa da fatar gangar, in ba haka ba jita za ta danne maganar da kalangun ke yi.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Daura, Jihar Katsina.