Kafin ka sayi busta, fara duba inda ka ajiye rautarka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, tare da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah ranka ya daɗe ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwa masu waifai a gida, sabida ƙorafin ya yi yawa, kullum sai ka ji ana cewa a falo abu yana gudu lafiya lau amma da ka shiga uwar ɗaka shikenan ya koma kara ɗaya, bidiyo ya tsaya yana ta juyi, sai a hau zagin kamfanin layi ko kuma a ruga kasuwa a sayo abin nan na ƙara nisan waifai da ake ce wa busta. Ni wayarin nake yi, ina haɗawa da kafa kyamarorin tsaro da jan intanet a gidaje, kuma wallahi mafi yawan gidajen da nake shiga matsalar ba daga kamfani take ba, a cikin gidan take.

Abu na farko da mutane ba sa rabewa, sabis ɗin nan hawa biyu ne. Akwai wanda yake zuwa daga eriyar kamfani ya shiga rautarka ta sim, wato na'urar da ke ba da waifai a gida, akwai kuma wanda rautar take rabawa wayoyin gida. Gwajin ba wuya. Ka tsaya jikin rautar ka buɗe fast.com, shafin auna gudun intanet, ka ga lambar da zai ba ka, sannan ka tafi ɗakin da ake kuka da shi ka sake gwadawa. In a jikin rautar ma abin babu daɗi toh babu bustar da za ta yi maka magani, sai dai ka matsar da rautar kusa da taga ko ka ɗaga ta sama ko ka canza layi. In kuwa a kusa lafiya ƙalau a nesa ne ya mutu, to ginin ka ne yake cinye shi. Kuma abin haushin, waya in ta ga waifai ya yi rauni tana iya komawa datar sim ɗinta ba tare da ka lura ba, kaga kana biya sau biyu kenan, ga shi tun watan Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kuɗin data ba wasa ba ne.

Mu ginin mu bulo ne da siminti, in bene ne ga dekin cike da rodi, ga ƙofofin ƙarfe, ga ƙarafan taga. Ƙarfe mayar da sigina baya yake, ruwa kuma shanye shi yake, shi yasa firji da babban madubi da tankin ruwa duk abokan gaba ne. Amma sai ka tarar an kai rauta bayan talabijin, ko cikin durowar kabet an rufe wai kar yara su taɓa, wani ma a ƙasa kan tayil kusa da soket don igiyar cajar gajera ce. Na taɓa tarar da wata an lulluɓe ta da ɗankwali saboda ƙura, ta yi zafi rau kamar dutsen guga ya kwana a kanta.

Sannan ka duba yadda gidajenmu suke. Falon maigida yana gaba kusa da zaure, ɗakunan iyali suna can ciki zagaye da tsakar gida. In ka ajiye rauta a falon gaba, ita kuma kowane ɓangare take watsa sigina, rabi ya tafi titi kenan, samarin majalisa suna ƙofar gida sabis ɗinsu ya cika, uwargida tana can ciki sai ta fito bakin rariya kafin saƙon WhatsApp ya tafi. In kuwa aka yi rashin sa'a yana kai wa ɗakin amarya bai kai nata ba, toh maigida Allah ya ba ka haƙuri, wannan shari'ar ba ni zan raba ta ba. Maganin kyauta ne: a dawo da ita tsakiyar gida gwargwadon hali, a kafe ta a bango sama da tsayin mutum, a fili, eriyoyinta a tsaye. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Sai maganar sunaye biyu da wasu rautoci ke nunawa. Ɗaya 2.4 GHz ne ɗayan 5 GHz. Na 5 ɗin ya fi gudu amma bango biyu ya gama da shi, na 2.4 ya fi ratsa gini ya yi nisa, don haka wanda ke ɗakin ƙarshe ya kama 2.4 kawai ya huta. Kar a rikita shi da 5G ɗin da MTN ta fara a 2022, ba abu ɗaya ba ne. In kuma gidan haya ne mai yawan maƙwabta kowa da rautarsa, a shiga saitin 2.4 a gwada tasha ta 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Ita kuma ƙaramar MiFi ta aljihu a daina wahalar da ita, ba a yi ta don ta ɗauki gida mai ɗaki shida ba.

Yanzu busta. Ba wai ba ta aiki ba ne, ajiye ta ne ba a iya ba. Mutum sai ya kai ta cikin ɗakin da sabis ya mutu ya jona, ya ga kara ya cika a wayarsa ya yi murna, ya buɗe YouTube shiru. Ita fa kamar ladan ce mai ɗaga kabbara ga sahun baya, in ya tsaya inda shi kansa ba ya jin liman me zai isar? Wurinta tsakiya ne, inda take samun sigina mai kyau daga rauta sannan ta miƙa gaba. Kuma masu arahar nan ta hanya guda suke karɓa suke bayarwa, don haka gudun yana raguwa kusan rabi. Wasu 'yan kasuwa ba za su gaya maka wannan ba, za su ce maka tana ratsa bango goma.

Ni dai abinda nake ba kowa shawara shi ne kebul. Kebul ɗin intanet na Cat6 yana tafiya har mita 100 ba tare da gudun ya faɗi ba, gidan wa ya kai haka? Ka ja shi daga rautar ta cikin silin ko jikin bango zuwa ɓangaren da ke da matsala, ka sa wata rautar a can, ko tsohuwa ce da ke kwance a durowa ta wadatar. In tana da zaɓin access point a saiti, wanda ke mayar da ita mai miƙa waifan babbar, ka danna shi kawai, in babu ka kashe DHCP ɗinta, wato saitin da ke raba wa wayoyi adireshi, ka canza mata adireshi kar ya yi karo da na babbar, ka soka kebul ɗin a ramin LAN ba WAN ba, ka ba ta suna da fasawod irin na farkon. In za a tsallaka tsakar gida zuwa shagon samari ko bikiyu a sa kebul ɗin cikin fayif, ranar Kano da ɓeraye ba sa barin roba.

Mai hali ya sayi mesh, wato rautocin da ke aiki tare, irin su Deco na TP-Link ko Nova na Tenda, suna zuwa biyu ko uku kana yawo a gida waya tana sauya wanda ya fi kusa da kanta. Amma ko su a gidan dekin sai an haɗa su da kebul suke nuna kansu. Haka masu Starlink, tun da ta shigo Najeriya a farkon 2023 wasu gani suke tunda an kashe kuɗi dole ta game gida, alhali faifan ne yake magana da tauraron ɗan adam, rautarta kuwa bango yana tare ta kamar ta kowa. Akwai kuma wata na'ura da ke bi ta wayar wutar gida, wannan ban cika son ta a nan ba, tana son layin wuta ɗaya mai tsafta, mu kuwa ga canji-oba ga janareta ga inbata ga fes daban-daban a gida ɗaya.

Maganar wuta ma a kula. Duk na'urar da ka ƙara ita ma sai ta ci wuta, in an ɗauke kuma soket ɗinta ba ya kan sola toh an koma gidan jiya. Yawancin rautoci 12V suke ci, akwai ɗan ƙaramin batiri da ake sayarwa dominsu, a duba bayan rautar a tabbatar ya dace kafin a saya. Akwai kuma masu PoE, waɗanda kebul ɗin intanet ɗin ne yake kawo musu wuta daga inda inbata take.

Kirana na ƙarshe ga masu gini ne da 'yan uwana masu wayarin. Lokacin da ake binne fayif ɗin wuta kafin filasta, don Allah a ƙara guda ɗaya na intanet, daga inda rauta za ta zauna zuwa sama da ɓangaren iyali da shagon waje, kuma a raba shi da na wuta kar a cusa su rami ɗaya. Kuɗinsa bai kai na fentin ɗaki guda ba. In aka bari sai an tare, sai dai a fasa bango ko a bi da kebul ta saman fenti ana ƙusa, hajiya kuma ba za ta yarda ba. Edita, in da hali ku sa wakilinku na shafin kimiyya ya zagaya kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya jiyo mana farashin waɗannan kaya na yanzu, don ni in na faɗa yau kafin ku buga ya canza.

Na gode, a huta lafiya.

Mai karatunku,
wani mai wayarin daga Kano