Hayar wata-wata ko ta shekara, kafin mu sayi gida?

Assalamu alaikum Anti,

Ina yi miki fatan alheri, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce, muna da yara uku, biyu suna makaranta, ƙaramar tana goye. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa ƙwarai, inda ba mu taɓa zama ba. Zaman dindindin za mu je yi, don haka muka yanke shawarar sayar da gidan da muke ciki mu sayi wani a can. A kan wannan bakinmu ɗaya. Inda muka sha bamban shi ne inda za mu sa haƙarƙarinmu daga ranar da muka sauka zuwa ranar da za a miƙa mana makullin namu gidan.

Shi maigida so yake mu kama irin gidajen nan da ake bayarwa da kayan ɗaki a ciki, ana biya wata-wata. Hujjarsa ita ce babu abin da zai ɗaure mu, ranar da muka samu gida sai mu ɗauki akwatunanmu mu fita. Ya ce wata uku ya ishe mu. Na yarda akwai sauƙi a ciki, tunda gado da tukwane da firji duk suna nan, kuma galibi kuɗin wuta da ruwa da intanet suna cikin haya. Amma da na zauna na yi lissafi, kuɗin wata ɗaya a irin wannan gida ya ɗara na wata ɗaya a gidan hayar shekara nesa ba kusa ba. Sannan namu kayan fa? Dole mu kama ɗakin ajiya mu riƙa biya duk wata, a loda su a sauke a can, in mun sayi gida a sake lodawa a sake saukewa. Kowane lodi da kuɗinsa, kuma kowane lodi sai wani abu ya fashe ko ya karce. Ban ma yi maganar danshi da ƙwari a ɗakin ajiyar ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata ukun nan da yake faɗa kamar a hannunsa abin yake. Anti, kuɗin sayen sabon gida yana cikin tsohon gidan, kuma har yanzu masu zuwa dubawa ne kawai, babu wanda ya taya da gaske. Ko an sayar, ba zai cika ba sai mun nemi rance, masu ba da rance kuwa sai sun ga shaidar albashi daga sabon wurin aikin, sai sun aiko an kimanta gidan. Bayan nan ga lauya da zai binciki takardu a tabbatar mai sayarwar shi ne mai gidan kuma babu bashi ko rigimar gado a kansa, ga wanda zai duba rufi da bango da wayoyin wuta. A kowane mataki ciniki na iya wargajewa a koma farko. In wata uku ya zama takwas, hayar mai tsada za ta riƙa cin kuɗin da muka ware don sayen gidan. Tsorona shi ne mu gaji da biya, mu faɗa wa duk gidan da ya zo hannu don kawai mu huta.

Ni ra'ayina mu kama gida fanko na shekara guda, mu zuba kayanmu, mu zauna mu san garin. Ina so in ga unguwa da safe lokacin cunkoso, in gan ta da dare, in gan ta bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, kafin mu zuba abin da muka tara a cikinta. Hoto a waya ba ya nuna wa mutum cewa layi yana cika da ruwa ko maƙwabci yana kwana da kiɗa. Sai dai maigida yana da tasa tambayar, kuma ban da amsarta: in muka samu gidan da ya kwanta mana a wata na huɗu fa? Ko mu yi asarar sauran watannin, ko mu biya tarar fita kafin wa'adi, ko mu riƙa biyan haya da rance a lokaci guda. Ga kuɗin ajiya da mai gidan haya ke riƙewa saboda ɓarna, wanda dawowarsa sai an bi sawu.

Akwai wani ɗan'uwansa a can da ya ce mu sauka wurinsa har mu samu wuri. Allah ya saka masa da alheri, amma mu biyar ne, shi ma da nasa iyalin, kuma baƙo raɓa ne. Zaman da ba a san ranar ƙarewarsa ba shi ke ɓata zumunci. Na yarda da mako ɗaya ko biyu, iyakarta ke nan. Surukata kuma cewa ta yi ya tafi shi kaɗai tukuna, mu biyo baya in ya sayi gida. Da gidan nan ba na sayarwa ba ne da na duba maganar, amma ranar da aka saye shi mu ma tashi ya kama mu.

Sai batun yara. Na ji cewa akwai makarantun da ke ɗaukar yaro bisa adireshin da yake zaune. In muka sa su kusa da gidan haya, sannan muka sayi gida a ɗaya ƙarshen garin, za su canja makaranta sau biyu cikin shekara ɗaya, babban kuwa ba ya saurin sabo da mutane.

Ga abin da nake so ki haska mini. Akwai tsaka-tsaki, misali hayar wata shida da za a rubuta a yarjejeniya cewa muna iya sabuntawa wata-wata, ko mu fita bayan mun ba da sanarwar kwana 30 ko 60? Masu gida suna yarda da irin wannan, ko da za mu ƙara wani abu a kan hayar? Kuma yana da kyau mu faɗa wa mai gida tun farko cewa gida muke nema mu saya, ko hakan zai sa ya ƙi ba mu? Sannan yaya za mu kama wuri daga nesa ba tare da an damfare mu ba? Wasu da muka tuntuɓa ta intanet suna cewa mu tura kuɗi tukuna don kada wani ya riga mu, ni kuma hankalina bai kwanta da tura ko sisi kan gidan da babu wanda ya shiga ya gani a madadinmu ba.

Maigida zai fara aiki farkon watan gobe, kuma ya ce duk abin da kika faɗa zai saurara, domin shi ma yana bin wannan fili.

Na gode, a huta lafiya.

Taki,
Maman yara uku