Zuwa ga abokan cinikinmu masu tsofaffin motoci: maganar na'urar auna hayaƙi

Assalamu alaikum.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da kuke kawo mana gyaran mota a garejinmu da ke nan Bauchi, muna gaishe ku da fatan iyali suna lafiya, kasuwa kuma da albarka.

Dalilin wannan takarda shi ne na'urar auna hayaƙin mota da muka sayo. Tun da ta iso gareji ake ta ce-ce-ku-ce a kanta. Masu sababbin motoci ba su da ta cewa, a auna musu su karɓi takarda su kama gabansu. Masu tsofaffi kuwa, waɗanda da su muka fara cin abinci a wannan sana'a, su ne suka ɗaure fuska. Wani ya ce kada a kuskura a kusantar da abin nan ga motarsa. Wani ya ja yaronmu gefe yana tambaya ko jami'an VIO masu duba lafiyar motoci ne suka ba mu kwangila. Wani dattijo mai Fijo 504 cewa ya yi motarsa ta girmi wanda zai auna ta, kuma tana hawa Jos ta sauko lafiya lau, to me kwamfuta za ta faɗa masa wanda bai sani ba? Maimakon mu yi ta bayani ɗaya bayan ɗaya a bakin bonet, mun ga gara mu rubuta kowa ya karanta.

Da farko dai, mu ba hukuma ba ne. Ba ma ba da takardar lafiyar mota, ba ma hana kowa hawa titi, kuma sakamakon awon motarka naka ne kai kaɗai. Ba ma miƙa shi ga VIO ko jami'an kiyaye haɗurra ko wani ofishi. In ka ga dama ka yaga takardar kafin ka fita ƙofa.

Ba kuma ma ganin laifinku da kuka yi ɗari-ɗari. Duk direban da ke bin hanyar Kano ta Ningi, ko ta Gombe ta Alkaleri, ya san yadda kowace sabuwar takarda kan zama dalilin tsayar da shi a shinge. Ya kuma san cewa ba kowace takardar lafiyar mota ba ce aka buɗe bonet kafin a buga mata hatimi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi. Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa a fili ba, wato kada wata rana a wayi gari a ce duk motar da ta kai shekara kaza a ajiye ta. Mutumin da Golf ɗinsa ko Sharon ɗinsa ce abincin gidansa, da ita yake biyan kuɗin makaranta da na asibiti, ba za a ce masa ya kwantar da hankali da baki kawai ba.

Sai dai abin da muke so ku gane shi ne na'urar nan ba ta san shekarun mota ba. Wani siririn bututu ne ake zurawa cikin salansa injin yana aiki, ita kuma ta nuna abin da ke fita: yawan iskar nan mai guba da ake kira kabon monoksaid, yawan ɗanyen fetur da ya fice bai ƙone ba, da ragowar iskar oksijin. Shi ke nan. Ba a kwance ko ƙusa ɗaya, ba a taɓa waya, mintuna kaɗan an gama. Daga waɗannan lambobi ne bakanike ke gane ko injin yana cin mai daidai ko yana ɓarna.

Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, in aka auna da nauyi. Da zarar man ya fi haka yawa, ragowar ba ta da iskar da za ta ƙone da ita, sai ta bi salansa ta fice. Baƙin hayaƙin da kuke gani, da warin fetur da ke bin mota a baya, man da kuka biya kuɗinsa ne a gidan mai. A da can, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, mutum yana iya kawar da kai. Amma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, har lita ta haura naira 1,000 a 2024, wanda motarsa ke zubar da mai ta salansa shi ne ya fi kowa buƙatar wannan awo, ba mai sabuwar mota ba. Ko da babu ruwanka da maganar gurɓata muhalli, aljihunka dai naka ne.

Sau da yawa kuma matsalar ba ta taka kara ta karya ba. A lokacin hunturu ƙurar da ke sauka a Bauchi takan toshe matatar iska cikin ɗan lokaci, injin ya shaƙe, ya koma shan mai. Wani lokaci filogi ne ya mutu, wani lokaci kafireta ce ke son saiti, ko nozul ya yi datti. Saitin kafireta da kunne aiki ne da iyayen gidanmu a sana'a suka gwanance a kai, kuma ba mu raina shi ba, da shi muka tashi. Amma kunne yana jin daɗin karar injin ne kawai. Mota tana iya yin kara mai daɗi, ta tashi da bugu ɗaya, alhali tana zuba mai fiye da ƙima. Da na'ura a salansa, ana juya sukurun ana kallon lamba tana sauka har a tsaya inda ya dace.

Ga dattijonmu mai 504 da ire-irensa, ranka ya daɗe, babu mai hankalin da zai auna motarka da ma'aunin motar bana. Ko a Ingila, inda ake wannan awo duk shekara, kowace mota da ma'aunin zamaninta. Wadda aka fara hawa tsakanin 1975 da 1986 an yarda kabon monoksaid ɗinta ya kai kashi 4.5 cikin ɗari, ta 1986 zuwa 1992 kashi 3.5, sababbi masu matatar hayaƙi kuwa ba a yarda su wuce kashi 0.3 ba in injin yana tsaye yana aiki. Fijo ɗin da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975 kafireta gare ta, ba ta zo da matatar hayaƙi ba, don haka ba za mu nemi abin da ba a ƙera ta da shi ba. Mu 'yan Bauchi ma ai ba baƙin tsohon ƙarfe ba ne, a garin nan kamfanin Steyr ya yi ta harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Abin da muke nema kawai shi ne mota ta yi aiki kamar yadda waɗanda suka ƙera ta suka tsara ta.

Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne ba tsofaffin motoci ne suka fi ba mu munanan lambobi ba. Sau tari 'yar Beljiyam ce mai sheƙi, wadda aka yi wa abin da ya zama ruwan dare a sana'armu: an cire indomi, an cire tamostat mai daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye.

Bari mu ɗan tsaya a nan, don nan ne muka yanke shawarar da ta shafe ku. Indomi shi ne matatar hayaƙin da ke cikin salansa. An shafe cikinsa da ƙarafa masu tsada ƙwarai, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda in sun ɗau zafi suke ƙone gubar da ta kuɓuce wa injin kafin ta fita waje. Tsadar waɗannan ƙarafa ce ta sa yake da kasuwa, ita ce kuma ta sa ake yawan gaya wa mai mota cewa nasa ya toshe, a cire mota ta samu ƙarfi. Gaskiya ne yakan toshe, amma ba haka kawai ba. Ko dai injin yana ƙona baƙin mai, ko filogi yana tsallake wuta ɗanyen fetur yana isa gare shi har ya narke. In aka fasa shi aka bar musabbabin, an bar ciwon yana nan, mai mota kuma ya yi asarar kaya mai daraja, sau da yawa ko ganin abin da aka cire ba ya yi. Bayan haka fitilar gargaɗin injin takan kama ta ƙi mutuwa, sai a liƙe ta da baƙin salatif ko a cire ƙwan. Ranar da matsala ta gaske ta zo, babu mai sanar da kai.

Tamostat kuma ana cire shi ne da hujjar wai na ƙasar sanyi ne. Ba haka ba ne. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90 a ma'aunin Salshiyas, a Jamus yake ko a Azare. In babu tamostat, injin yakan daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da asubahin hunturu, ita kuwa ƙwaƙwalwar mota muddin tana ganin sanyi sai ta yi ta ƙara mai. In motarka tana zafi, a duba lagireto ko ya toshe, a duba fanka da famfon ruwa, a kuma daina ɗura mata ruwan rijiya.

Saboda haka muna sanar da ku cewa a garejin nan ba a fasa indomi, ba a kuma cire tamostat, ko mai mota ne ya nema. Duk abin da muka canza a motarka za mu danƙa maka tsohon a hannu. Mun san wasu za su ji haushi su koma wani wuri. Allah ya ba kowa rabonsa.

Akwai maganar da ta fi ta kuɗi nauyi, ga direbobin haya musamman. Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, kuma jini yana kama shi fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Tsohuwar mota mai fasasshiyar salansa, ƙasanta ya ci tsatsa, but a buɗe an ɗaure da igiya saboda lodi, gilasai a rufe don sanyi, hayaƙin nan ciki yake komawa. Direba ya fito daga tashar Muda Lawal garau, kafin ya kai Darazo kai na sara masa, idanu sun yi nauyi, sai ya ce gajiya ce ya nemi goro. Yara da ke kujerar baya su yi ta barci ko amai a ce hajijiyar mota ce. Wani lokaci gajiyar ce da gaske, wani lokaci kuwa salansa ce. Walda ɗin da zai toshe wannan ɓaraka bai kai kuɗin kujera biyu ba. Don Allah ko ba za ku yarda a auna muku komai ba, ku bari a leƙa ƙarƙashin motar.

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai motocin da saiti ba zai yi musu magani ba. In hayaƙin shuɗi ne, injin yana ƙona baƙin mai ke nan, ringi ko robobin bawul sun gaji, kuma wannan aiki ne na sauke inji. In fari ne mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan mota ta yi zafi, ruwa kuma yana raguwa a lagireto, to a zargi gasket. Irin wannan gyara yana cin kuɗi, kuma mun san halin da ake ciki. Ba za mu matsa wa kowa ba. Za mu faɗa maka abin da muka gani, mu fara da mai arha, mu gaya maka wanda zai iya jira da wanda jinkirinsa zai kashe injin, ka je ka yi lissafinka. Man nan mai kauri da ake cewa yana tsayar da hayaƙi, ɓoye shi kawai yake yi na ɗan lokaci, masu shirin kai mota kasuwa ne suka fi son sa.

Game da doka kuwa, ba yau aka fara ba. An kafa hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli a 2007, kuma tun 2011 akwai ƙa'idar tarayya kan hayaƙin injinan fetur da na gas, wato dizal. Legas da Abuja sun daɗe da cibiyoyin duba mota da kwamfuta. A ganinmu gara mutum ya san lambar motarsa a wurin da babu mai cin sa tara, ya gyara a tsanake.

Awon kyauta ne ga duk wanda ya kawo mota juyen mai ko sabis. Za mu auna kafin mu taɓa ta, mu sake aunawa bayan mun gama, ka ga takardun biyu da idonka, sannan ka lura da shan manta a makon da ya biyo baya. Ku zo da injin ya riga ya yi zafi, don awon injin mai sanyi ba ya faɗin gaskiya. Na'urar tamu ta motocin fetur ce, masu gas su yi mana haƙuri, nasu awon da wata na'ura daban ake yi. Ranar Juma'a muna rufewa daga ƙarfe 12 sai bayan an sauko daga masallaci.

Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.

Naku,
Mai gareji da dukkan yaran aiki,
Bauchi.