Kaskar Amurka ba irin ta shanunmu ba ce

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya da iyali, kuma damina ta sauka da albarka. Ka gaishe min da Inna, amma don Allah kada ka karanta mata wannan takarda duka, ka san ta da sa abu a rai.

Shirun da kuka ji na yi, kwanciya na yi. Ka san aikina a nan jihar Konetikat yankan ciyawa ne da gyaran shuke-shuke a gidajen mutane. Ran nan na tashi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, na ce tsohon abokina ne na cizon sauro ya biyo ni har nan. Sai da wani abokin aikina ya ga bayan gwiwata ya ce in tafi asibiti maza. Wani jan tabo ne ya fito, zobe cikin zobe kamar saƙar faifai, faɗinsa ya kusa tafin hannu, kuma ba ya ciwo. Likita na gani ta ce cutar Laim ce, kaska ke sa ta. Sunan wani gari ne a wannan jihar, inda aka fara lura da ita a 1975.

Dariya na yi, ni da na tashi ina cire wa shanun Baba kaska. Ashe ta nan ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Tana laɓe a bakin ciyawa, ta ɗauko ƙwayar cutar daga jikin ɓerayen daji, ta hau mutum bai ji komai ba. Yawanci sai ta wuce kwana guda a manne kafin ta sa cutar, shi ya sa wanda ke duba jikinsa kullum yakan tsira. An ba ni wani magani mai suna doxycycline na kwana 14, alhamdu lillahi na miƙe. Da na yi sakaci, in ji likitar, tana iya taɓa jijiyoyi da zuciya.

Yanzu in ka gan ni sai ka yi dariya: wando a cikin safa, dogon hannu cikin zafi. Ina dawowa sai wanka, in duba hammata, bayan kunne da ƙugu, kayan kuma in jefa su injin busarwa minti 10. In an sami kaskar, da matsefata ake kama ta daf da fata a ja a hankali. Ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai.

To Yaya, ni kaska ta kayar, ku kuma sauro ne. Na ji an ce gidajen sauron da na aiko kuɗinsu, ɗaya ya koma shingen tumatir. Haba! A rataya wa yara da Inna kowane dare. Masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina na yara ƙasa da shekara 5 in sun zo, a karɓa, kuma a cika kwana ukun, ba a ba su na ranar farko a ajiye sauran ba. Tayoyin nan na bayan gida a kifar da ruwansu. Yaro ya yi zafi, a yi gwaji kafin a sayi magani a kemis.

Kuɗin taki zai iso ƙarshen wata, in Allah ya yarda.

Ƙaninka